Motocin Alhaji Bala na Tarai

Ku samarin nan da kuke cika min benci kullum bayan la'asar kuna latse-latsen waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya. Cewa ya yi in ya ga dama, kafin a kira magariba zai haɗa irin motar can da ke rataye a bakin rumfata, wai ai gwangwani ne da waya, wasan yara. Ban tanka ba, saboda lokacin ina riƙe da ƙarfen liƙi da zafinsa. Yau hannuna a sake yake, don haka ku ajiye wayoyin ku ji.

Sunana Sabi'u, amma duk Rano ba mai gane ni sai an ce Sabi'u Mai Mota. Ban taɓa mallakar mota ba, tuƙi ma ban iya ba. Motocina duka na gwangwani ne, kuma da su na yi aure, da su na ciyar da gida har gemuna ya yi fari.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Malam Iro shi ne wankin gwangwani. Malam Iro maƙerin gwangwani ne a bakin kasuwa, yana yin fitilar aci-balbal da mazurari da gwangwanin awon mai, in Sallah ta matso kuma ya koma motocin yara. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa da ya ga ba ni da ƙarfin garma. Sai in bi masu shayi da masu abinci in tattaro gwangwanin madara da na tumatir da na kifi, in jiƙa su, in kankare takarda, in wanke da toka. Na kifi ya fi kowanne wahala, ƙarninsa ba ya fita, in kuma ka bar maiƙo ko kaɗan dalma ba za ta kama ba. Damina ta zo ta wuce ina wannan, Malam Iro bai bar ni na taɓa almakashi ba.

Da ya yarda na fara yanka, sai na gane wankin ma hutu ne. Za ka cire kan gwangwani da gindinsa, ka tsaga shi ta wurin ɗinkinsa, ka shimfiɗa a kan guntun ƙarfen layin dogo, ka yi ta bugu da gudumar katako har ya miƙe. Ba a sa gudumar ƙarfe, tana barin tabo. Daga nan sai kalmasa baki, wato ka naɗe duk gefen da ka yanka zuwa ciki don kada ya yanki hannun yaro. A nan Malam Iro ba ya wasa. In na kawo masa mota na ce na gama, ko kallonta ba ya yi, sai ya ce, "Goga a kumatunka." In na yi jim, ya ce, "To abin da kake tsoron ya taɓa fuskarka shi za ka ba ɗan mutane ya sa a baki?" Ku dubi nan, ƙasan kunnena. Wannan tabon ƙofar wata tifa ce.

Liƙi shi ne ƙarshen abin da ya koya min. Ƙarfen liƙi kansa jan ƙarfe ne, a cikin gawayi ake gasa shi. In bai yi zafi ba dalma ta dunƙule kamar kashin akuya, in ya zarce ta gudu ta bar ka da rami. Ba agogo, ba ma'auni, kusa da kunci kake kawo shi ka ji hucinsa. Ruwan batir muke shafawa a wurin haɗin kafin dalma ta bi, shi ya sa ba za ku taɓa ganin maƙerin gwangwani da riga marar huji ba, shi ya sa kuma nake wannan tarin da kuke ji. Ƙafafun mota daga tsohon silifa ake fitar da su. A gasa bakin ƙaramin gwangwani a danna, sai zagaye ya fito, amma hujin tsakiya da ido ake nemansa. Ka kauce ko da kaurin silin gashi ne, motar za ta yi ta ɗingishi har ta mutu. Yaro kuwa ba a yi masa wayo a nan. Zai ja ta sau ɗaya a ƙasa, in ta karkace ya ajiye maka ya wuce gaba.

Kayan aikin ga su nan, ba wani boka a ciki: almakashi babba da ƙarami, awartaki, filaya, magagari, ƙusa mai kaifi ta huji, kaskon gawayi. Duk a jaka ɗaya za su shiga. Abin da ba ya shiga jaka shi ne sanin wane gwangwani ne zai yarda ya lanƙwashe, wane ne zai tsage. Na madara yana da taushi, shi ake yi wa ƙofa da rufi. Na tumatir babba yana da tauri, shi ne ƙashin mota. Wannan ba a faɗa wa mutum, yatsunsa ne ke sha su koya.

Shekarun da na buɗe tawa rumfar, watan azumi ba na ɗaga kai. Ranar Sallah in ɗaure kwanduna a keke, yau Kibiya, gobe Fassi, jibi Yalwa. Yara da kuɗin yawon Sallah a tafin hannu, duk sun jiƙe da gumi, kafin azahar kwando ya zama wayam. Har an san hannuna. Motar Sabi'u ita ce mai dogon sitiyari na waya, wanda yaro zai riƙe yana tsaye, in ya murɗa ƙafafun gaba su juya. In ta lalace a dawo min da ita in gyara, wata motar sai wa ya ja, ƙane ya ja, ƙanen ƙane ya ja.

Sannan roba ta zo. Wata Sallah na je Kibiya na tarar wani ya shimfiɗa tabarma kusa da inda nake zama, ya zube bindigogin roba da motoci masu batir, masu jiniya da fitila ja da shuɗiya. Yara suka yi masa dafifi. Na zauna har yamma, kaji ne kawai suka leƙa kwandona. Abin nan kwana nawa yake yi? Kafin a gama cin tuwon Sallah ya karye, ba ya kuma gyaruwa. Amma yana ƙyalli yana ƙara, nawa ba ya yi. Wani uba ma ya ce min ido da ido, "Malam, ɗana ba zai ja bola a titi ba." Malam Iro bai daɗe ba bayan wannan. Ya rasu rumfarsa cike da fitilun da ba mai saye, 'ya'yansa suka sayar da kayan aikinsa suka haɗa suka sayi babur. Ni kuma na koma mazurari da abin kwasar shara, mota sai ɗaya-ɗaya don kada hannu ya manta.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya tsaya a bakin rumfar nan, dogo, yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Ya ɗauki wata gingimari da na yi, ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji."

"Ka taɓa shiga ƙarƙashin mota?"

"Ban taɓa ba."

"Ga alama. Wannan akwati ne aka sa wa ƙafa. Ina tankin mai? Ina sifirin? Da me za ta ɗauki buhu ko guda?"

Na ce masa yara ba sa tambayar sifirin. Na tambaye shi ko jikansa zai saya wa.

Ya ce, "Ina ruwan jikana da ita? Ni nake so."

Shi ne Alhaji Bala na Tarai. Tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a hanyar Kudu, ya kai gyaɗa da albasa da shanu, ya dawo da goro da manja, har wani haɗari ya cinye masa gwiwa ya dawo gida ya zauna. Abin da yake so shi ne in yi masa motar da ya fara riƙewa, mai bodin katako, sak yadda take. Ba shi da hotonta. A kansa take.

Wannan aikin ya ci min rani guda. Duk ranar kasuwa zai zo ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya yi ta zana min a ƙasa da bakin sandarsa. Hancin motar dogo ne mai tudu, gwangwani kuwa ba ya son lanƙwasa ta fuska biyu. Sai da na sassaƙa itace siffar hancin, na ɗora gwangwanin a kai ina bugu a hankali har ya kwanta. Bodin na yi shi da siraran katako da na tsaga daga tsohon akwatin sabulu, kowane sili da 'yar ƙusarsa. Sifirin na yi da ƙarfen tsohuwar lema, na jera su kamar na gaske, in ka danna bayan motar sai ta sauka ta taso. Yadin lemar ya zama tamfol. Fitilu ƙwan tocila ne. Na nuna masa, ya ce tsanin hawa sama a dama yake, ba hagu ba. Na warware. Ya dawo ya ce ina bokitin da ke rataye a ƙarƙashi, ina akwatin da yaron mota ke ajiye tukunya da garin rogo? Na yi. Ya ce koren ya cika haske, nata ya sha rana. Na dama fenti da ɗan toka. Akwai ranar da na gaji na ce masa, "Alhaji, ka ɗauki abinka ka kai wa wani."

Ya ce, "Wa? Duk ƙasar nan wa ya rage?"

Na ci gaba.

Ranar da ya karɓa bai yaba ba. Ya ɗora ta a cinya, ya buɗe ƙofar direba da farce, ya rufe, ya sake buɗewa. Can ya ce, "Ta gasken sai an ɗaga ƙofar nan take rufuwa." Na ce wannan kam sai dai ya yi haƙuri. Ya yi dariya, ya sallame ni ba ciniki, ya ce jibi in hau keke in same shi a Tarai.

Da na je, wani ɗaki ya kai ni a bayan zaure, shi kaɗai ke riƙe da makullin. Ban taɓa ganin irinsa ba, har yau. Kabad-kabad na gilashi sun zagaye bango, irin waɗanda mata ke jera kwanuka. A wasu ƙananan motoci ne na ƙarfe, da jiragen sama, da jirgin ƙasa da taragunsa. Sauran kuma mutum-mutumi ne na roba, tsawon tafin hannu: sojoji da bindigoginsu, 'yan kokawa masu ƙirji kamar faifai, wasu fuska a rufe, wasu da fukafukai, wasu rabi mutum rabi inji. Wuyansu da gwiwoyinsu duk suna motsi. Ya ce a kasuwannin Kudu ya fara tsintar su wajen masu gwanjo, da niyyar tsarabar yara.

"Na kawo wa Nasiru guda, babban ɗana. Kafin in gama alwala ya cire masa kai. Na biyu sai na ɓoye a akwatina. Daga nan ne."

Kowane ɗaya ya san garin da ya saye shi, da kayan da ya ɗauko a wannan tafiyar, da wanda ke yi masa yaron mota a lokacin. Ba ya kiran su da sunayen da masu yin su suka sa musu, nasa ya raɗa musu. Wani mai ƙaton ciki shi ne Sarkin Tasha, wani mai miƙaƙƙen hannu Ɗan Kamasho. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya fito da su ɗaya-ɗaya ya share da gashin kaza.

A Tarai kowa ya san da ɗakin, kuma kowa dariya yake. Alhaji Mai 'Yartsana ake ce masa a bayan idonsa. Wasu su ce haɗarin ne ya taɓa masa kai. 'Ya'yansa kunyar abin suke ji, in baƙo ya zo sai su tsaya su tare ƙofar. Shi kuwa ya ce min, "Malam Sabi'u, wani tattabaru yake tarawa, wani huluna, wani kullum yana gindin bishiya yana cin naman mutane. Ni nawa ba sa ci, ba sa sha, ba sa gulma." Mutumin nan jam'i ba ya wuce shi, gonarsa tana nomuwa, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a gidansa. Ban ga abin dariyar ba, amma ni wa zai tambaye ni, tunda ni ma mai wasan yara ne?

Gyaran farko da na yi masa na wani soja ne da ya rabu biyu daga ƙugu. Na buɗe bayansa da ɗan sukudireba irin na masu gyaran agogo, na ga ashe wata 'yar roba ce zagayayya ta riƙe sama da ƙasa, ta tsufa ta tsinke. Na yanko tiyub ɗin keke siriri na maƙala, soja ya miƙe. Wanda hannunsa ya ɓalle kuma sai in gasa allura in huda, in cusa guntun waya ta zama ƙashi. Roba ba gwangwani ba ce, ba ta yafiya. Gwangwani in ka kuskure ka buge ka sake. Roba in zafi ya wuce ta narke shi kenan, kuma babu kasuwar da za ka je ka sayo wani irinsa. A kan wannan aikin na koyi riƙe numfashi. Abu ɗaya na ƙi, ba na zana fuska. Haka Malam Iro ya koya min, direban da ke cikin motata dunƙulen kai ne kawai da hula. Alhaji bai taɓa matsa min a kai ba.

Ta hanyarsa na gane ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani hedimasta a Kibiya mai tara jiragen sama, akwai wani ma'aikacin asibiti a nan Rano mai son babura. Su sai sun waiga hagu da dama kafin su shigo, su ce, "Na yarona ne." Yaron da ke zaɓen launin sirdi da kansa, yana tambaya ko madubin zai iya juyawa, ga furfura a gemu. Sai in ce to, Allah ya raya yaro. Waɗannan mutanen su suka riƙe rumfar nan shekara da shekaru bayan yara sun guje ta. Alhaji Bala kuwa na yi masa kusan duk motar da ya taɓa tuƙawa. Tirelar shanu ta fi ba ni wuya, don ya ce dole kan ya rabu da jiki ya kuma koma, kamar ta gaske, sai da na lalata marfin kwalba ya fi a ƙirga kafin na sami abin da zai riƙe ya kuma juya. Kabad guda ya ware wa aikina, a saitin ƙofa, inda haske ke faɗawa.

Shekarar da ta karya ni ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko gwangwani ne ya ɓace. Tumatir ya koma leda, madara ta koma leda, mai shayi ya daina yar da komai. Ɗan abin da ya rage 'yan jari-bola sun riga ni, suna bi gida-gida da kura suna saye a kan kilo. Ni da nake tsinta kyauta na koma saye a hannunsu. Dalma ta yi tsada, gawayi ya yi tsada. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta cika ido ba, kowa ta cikinsa yake. Hedimasta aka yi masa canjin wurin aiki, na asibiti ya daina zuwa. Sai Alhaji ya kwanta ciwo.

Na je duba shi na tarar da shi kwance a ɗakin nan, don ya ce a nan za a yi masa shimfiɗa. Ya rame, sai dogon ƙashi. Ya ce saura mota guda, tankar man da ya yi haɗari da ita. Ya daɗe yana ƙin a yi ta.

"Yanzu yi min ita," ya ce. "Yadda take kafin ta faɗi."

Ya kwatanta min da hannu a iska, muryarsa tana yankewa. Na dawo na fara, na sami dogon gwangwanin maganin sauro na yi tankin. Ban kai ga ƙafafu ba aka aiko cewa Allah ya yi masa rasuwa. Na je jana'iza, na koma gaisuwa. Ban yi maganar ɗakin ba. Wa zai tsaya a gaban masu makoki ya ce ina labarin motocin wasa?

Na ƙarasa tankar, na naɗe ta a tsumma, na hau keke da niyyar in kai wa iyalinsa ta shiga cikin 'yan'uwanta. Tun daga bakin gari na fara gani. Ga ƙafar soja a kwata. Ga wasu yara sun ɗaure wani ɗan kokawa da zare a wuya suna ja a ƙasa. Sarkin Tasha na gan shi a hannun wani jariri a ƙofar wani gida, yana tsotsar kansa, hannu ɗaya babu.

Na yi sallama a gidan, Hajiya Rabi matar marigayi ta zo ta tsaya a bayan ƙyauren zaure. Ita ta ba ni labari. An yi rabon gado, an kira malami, an lissafa gona da gida da dabbobi, aka buɗe ɗakin. Malamin ya ce masu siffar mutum bai kamata a ci gaba da jera su a ɗaki ba, a ba yara su yi wasa. Motoci kuwa ba laifi, dukiya ce, duk mai so cikin magada ya ɗauka, ko a nemi mai saye. Ya faɗi abin da ya sani, ban riƙe shi da komai ba. Amma ba wanda ya so. Nasiru cewa ya yi, "Wannan tarkacen da ya sa ake mana dariya a gari?" Kabad ɗin aka yi wa kuɗi, 'ya'ya mata suka ɗauka za su jera kwanuka. Abin da ke ciki aka juye a tsakar gida.

"Na yi magana, Malam Sabi'u," in ji Hajiya. "Na ce a kira ka. Aka ce min ina takaba, in koma ɗaki."

Na ce, "Motocin fa, Hajiya?"

"Mai jari-bola ya kwashe ɗazu da hantsi. Hanyar Kibiya ya yi."

Na miƙa mata tankar ta bayan ƙyaure, na juya keke.

Na same shi a gindin wata ɗorawa kafin a shiga Kibiya, ya tsaya shan ruwa, kurarsa cike da buhuna. Saurayi ne kamar ku. Na yi sallama, na ce motocin da ya sayo a Tarai nake so, saya zan yi.

Ya ce, "Wace mota, Baba?"

"Na gwangwani. Na gidan marigayi Alhaji Bala."

"Au, waɗannan? Suna ƙasa." Ya kwance bakin buhu ya zazzage.

Duk ya tattake su. Ya ce ba sa shiga buhu a tsaye, wuri suke ci, dole sai an taka. Motar nan mai bodin katako ma ya ɓaɓɓalle mata katakon ya yar tun a can, don katako ba ya shiga kilo. Na tsuguna na juya su ɗaya-ɗaya. Kowace na gane ta da fentinta. Babu wadda za ta tashi. Gwangwanin da aka liƙa, in ya karye a haɗinsa ya gama.

Ya ce, "Baba, in kana so ka ɗauka, yadda na saya zan bar maka. Ba su da nauyi ma, asara na yi."

Na ce ya mayar da abinsa buhu. Na taya shi ɗaurewa.

Daga nan na koma faci. Tukunya mai yoyo, bokiti, murfin da ya rasa mariƙi. Abin da ya samu a ci, wanda bai samu ba a yi haƙuri.

Bara bayan girbi wata mota ta tsaya a nan, Nasiru ya fito. Hatsi yake sayarwa a Kano, ya yi ƙiba. Ya gaishe ni har da rusunawa, Baba Sabi'u sama, Baba Sabi'u ƙasa. Ya zaro waya ya nuna min hotuna. Wai yanzu a birni akwai manyan mutane masu tara irin waɗannan, har da na ƙasashen waje, suna saye da tsada, musamman tsofaffi na hannu masu labari. Wani abokinsa ya ce masa in akwai sauran na mahaifinsa ya kawo.

"Baba, da mun sani! Wallahi ƙuruciya ce." Mutumin da 'ya'yansa suka isa aure. "So nake ka sake yi min irin ta farkon nan, mai katako. Ka ɗan tsufar da ita, ka gane ai. In an tambaya, ta Alhaji ce."

Na ce, "Ta Alhaji tana cikin buhu."

Ya yi dariya kamar wasa na yi. "Ai hannun da ya yi ta yana nan."

Na ga kuna jira in ce na kore shi. Ban kore shi ba. Masara ta ƙare a gidana a wannan satin, ga mai ɗakina tana kwance tana jiran magani. Na ce masa zan yi mota, abin da zai faɗa wa masu saye kuma tsakaninsa da Allah, ni bakina ba zai ce ta Alhaji ce ba. Ya ce ba komai, ba wanda zai zo Rano tambaya.

Na zauna yi. Hannu ya tuna yanka, ya tuna liƙi, amma motar ba ta kaina. Ba ta taɓa zama a kaina ba. Madubi guda ne ko biyu? Safayar taya a ina take maƙale? Me aka rubuta a goshinta? Na rufe ido na nema, babu. Ba kuma mai zuwa ya ce min ba haka ba ne, warware. Ido ya ragu, layin dalma ya fito da kauri. Na yi abin da ya sawwaƙa, na shafa mata baƙin mai da ƙasa, na bar ta a rana ta ƙoƙe.

Nasiru ya zo ɗauka. Ya ɗaga ta sama, ya ɗauki hotonta ta gaba da ta baya.

"Allahu akbar," ya ce. "Ita ce sak. Kamar yanzu nake ganinta a ɗakin Baba."

Ba ita ba ce. Ko hanya ba su haɗa ba. Mutum biyu ne a duniya za su iya faɗin haka, ɗaya yana maƙabartar Tarai, ɗayan kuma yana buƙatar masara. Na ce Allah ya jiƙan Alhaji, ya ce amin yana buɗe but ɗin mota. Ya ce in ta karɓu zai dawo a yi masa tifa da tirela.

Ta karɓu kuwa. Tifar na gama wancan watan. Yanzu gwangwanin tirela nake nema.